Na kwafi aikin ƙawata a kwas ɗin haɗa shafin intanet, malam ya gano mu, in musa ne ko in gudu?

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni ƙanwarki ce daga Anguwan Rogo nan Jos, na gama bautar ƙasa bara, yanzu ina taya Mamanmu zama a shagonta na atamfa wajen Taminus. Yayana ne ya biya min kuɗin wani kwas na onlayin na sati 12, koyon haɗa shafin intanet tun daga tushe, HTML da CSS da JavaScript, wato yarukan kwamfuta da ake rubuta shafi da su. Ranar farko suka turo mana wata doguwar takarda ta dokoki, gaskiya ban karanta ba na dai danna na yarda. Aiki na huɗu shi ne mu haɗa fom da zai duba ko mutum ya cike suna da lambar waya daidai, a miƙa ranar Lahadi kafin 11:59 na dare. Ni sai ranar Asabar na zauna yi, aka ɗauke wuta har Litinin, laftof ɗin ma ta yayana ce batirinta baya daɗewa. Na roƙi ƙawata da muke kwas ɗin tare ta turo min nata ta WhatsApp, da ɗan cajin da ya rage na canza kala da sunaye na tura. Jiya malamin ya turo mana imel mu biyu wai ayyukanmu sun yi kama da yawa, ya riƙe makin, mu yi masa bayani cikin kwana 5. Sai yanzu naje na karanta takardar, ashe wanda ya makara kashi 10 kawai ake cire masa kowace rana har kwana uku, amma kwafi sifili ne, in aka sake kora ce. Ƙawata tace mu haɗa baki muce tare muke karatu shi yasa. Ni kuma ji nake in bar kwas ɗin kawai in huta. Kuma Anti ba ance duk masu wannan aikin kwafowa suke daga intanet ba, to ni meye laifina?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma nasan irin faɗuwar gaban da mutum yake ji in ya buɗe imel yaga magana irin wannan, abinci ma baya shiga. To ki nutsu. Amsata a gajarce ita ce kar ki musa, kar kuma ki gudu, ki rubuta wa malamin gaskiya yau ɗin nan ko gobe, kar ki jira kwana biyar ɗin su cika. Bari in faɗa miki dalili, don bana so ki yi kawai saboda Anti tace.

Maganar haɗa baki ɗin nan, wallahi ba zata kai ku ko ina ba. Ke kina ganin tunda kin maida shuɗi ya zama kore kin canza sunayen abubuwa a cikin kod ɗin, wato rubutun umarnin da kwamfuta take bi, to aikin ya zama daban, amma wanda ya saba karanta kod ba kala yake kallo ba, ƙashin ginin yake kallo. Kamar Mama ce a shago, in aka kawo mata atamfa ƙarama an liƙa mata tambarin babba, tana taɓawa da yatsa biyu ta gane, ba sai ta karanta abin da aka rubuta a gefe ba. Haka malami yake, yana ganin a ina kika buɗe sharaɗi, a ina kika rufe, wane abu kika fara dubawa kafin wane, har da wajen da aka bar fili biyu a maimakon ɗaya. Abin da ya fi tona asiri ma kuskure ne, don mutum goma za su iya rubuta amsa daidai iri ɗaya, amma mutum biyu su manta rufe div ɗaya, wato alamar da ke raba sassan shafi, a layi ɗaya, su kuma rubuta kalma ɗaya ba daidai ba a cikin bayanin gefe, wannan kam ba karatu tare yake kawo shi ba. Bayan ido kuma akwai manhaja. Akwai wata da ake kira MOSS, wani malamin kwamfuta Alex Aiken ya ƙirƙire ta tun 1994, jami'ar Stanford ta Amurka ke riƙe da ita, aikinta kenan ta jera ayyukan ɗalibai ta nuna inda suka yi kama, kuma an gina ta ne yadda canza suna ko matsar da layi baya ruɗa ta. Ko da ita ya duba ko da idonsa, malamin da ya zauna ya rubuto muku imel ya riga ya ga abin da ya gani. Bayanin da yake nema ba don ya san ko an yi kwafi bane, so yake ya san da wa yake hulɗa.

Kuma in kuka musa, abu mafi sauƙi da zai yi shi ne yace ki buɗe kyamara ki bi kod ɗin layi layi ki faɗa masa me kowane yake yi, ko yace ƙara min akwati ɗaya na imel a fom ɗin yanzu ina kallo. Minti uku ya isa. A nan laifi ɗaya ya zama biyu, kuma na biyun shi ne wanda ba a mantawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi ƙanwata.

Malamai da yawa suna bambanta wanda ya zo da kansa ya faɗi gaskiya da wanda aka kama yana rantse rantse. A jami'ar Harvard akwai kwas ɗin farko na kwamfuta da ya shahara, CS50, wanda David Malan yake koyarwa, tun 2014 suka saka wani sashe a dokokinsu cewa ɗalibin da ya yi irin wannan kuma ya kai kansa cikin awa 72, za a iya ba shi sifili a wannan aikin amma ba za a miƙa shi gaban kwamitin ladabtarwa ba. Ban ce kwas ɗinku yana da irin wannan ba, kuma ke an riga an rubuto miki, amma na kawo miki ne kiga yadda masu koyarwa suke tunani, sun san ɗalibi yakan firgita da tsakar dare ya yi abin da da rana ba zai yi ba, abin da suke jira shi ne me zai yi bayan gari ya waye.

To ga yadda za ki rubuta. Ki fara da abin da kika yi, ba da labarin wuta ba. Kice malam aikin da na miƙa ba nawa bane, na roƙi ƙawata ta turo min nata na canza wasu abubuwa na tura, nasan ya saɓa dokar kwas, kuma na karɓi hukuncin da takardar ta tanada. Sai a layi ɗaya ki ambaci cewa kin fara a makare kuma wuta ta ɗauke, ki nuna kin san wannan ba uzuri bane. Sai ki roƙi abu ɗaya, ya baki dama ki sake yin aikin da hannunki ya duba miki ko da ba maki. Shikenan, kar ya wuce layi takwas ko goma, kar ki cika shi da magiya da labarin kuɗin da yayanki ya biya. Wannan roƙon na ƙarshe shi ne mai nauyi, don shi yake nuna koyo kika zo yi.

Amma kafin ki danna tura, ki nemi ƙawarki, in da hali ki taka ki je gidansu kar ki yi ta waya. Ki faɗa mata ke gaskiya za ki faɗa, kuma za ki rubuta ƙarara cewa ke kika roƙe ta. Ki sani a yawancin kwasa kwasai wanda ya bayar shima ya karya doka, don haka mai yiwuwa ita ma ta rasa makin, kuma tana da hakkin jin haushi, ta yi aikinta da guminta tausayinki ne ya ja mata. Ki bata haƙuri da gaske, kar ki ce ai ke kika turo. In ta dage sai an musa to ki ce mata kai tsaye ba za ki iya ba, kuma in ke kin faɗi gaskiya ita ta musa, ita ce za ta shiga tsaka mai wuya, gara ku tafi a kan magana ɗaya ta gaskiya. Zai yiwu ta yi miki fushi na sati biyu. Ki jure.

Yanzu tambayarki ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi min muhimmanci, don ba ke kaɗai ke yinta ba. Eh gaskiya ne, masu wannan sana'ar muna ɗaukar kod daga wajen wasu kullum. Tun farkon yanar gizo haka aka koya, Tim Berners-Lee ya fito da tsarin a cibiyar bincike ta CERN kusa da birnin Janiba na ƙasar Switzerland, shafin farko ya fito 1991, kuma har yau kowane shafi kika buɗe a kwamfuta in kika danna Ctrl da U za kiga HTML ɗinsa a fili, ba a ɓoye ba. Akwai Stack Overflow da aka buɗe 2008 inda mutane suke tambaya ana basu amsa, akwai MDN, shafin bayanin kod na kamfanin Mozilla, da ni kaina ba ranar aiki da bana leƙawa. Amma ki lura da abu biyu. Na farko ko a can akwai ƙa'ida, abin da aka rubuta a Stack Overflow yana ƙarƙashin lasisin da ya ce in ka ɗauka ka ambaci inda ka samo. Na biyu kuma, mai sana'ar da ya ɗauko layi goma ya san me yake nema, ya karanta ya gane, ya san inda zai gyara ya dace da nasa, in ya lalace gobe shi za a kira kuma zai iya gyarawa. A wajen aiki abin da ake saye shafin ne. A aji kuma malam ba fom yake buƙata ba, yana da ɗari irinsa, ke yake aunawa, so yake ya gani ko hannunki ya fara faɗawa. In kika miƙa na wata kamar kin tura ƙawarki ta je awon tela a madadinki ne, za a yi ɗinkin tsaf amma ba zai shige ki ba.

Bari in nuna miki abin da kika rasa a wannan aikin na huɗu, ba makin ba. Lambar waya a Najeriya lamba 11 ce kuma da sifili take farawa. Duk wanda ya zauna da kansa ya yi wannan fom ɗin, akwai yiwuwar ya fara da cewa ai lambar waya lamba ce, sai ya maida ta lamba a JavaScript, sai yaga sifilin farko ya ɓace ta koma 10, fom yana ta ce wa mutum lambarka ba daidai ba alhali daidai ya rubuta. Zai yi awa guda yana juya kai kafin ya gane cewa lambar waya rubutu ce ba abin lissafi ba, ba a tara ta ba a raba ta. Sannan wani zai zo ya rubuta da +234 a gaba, wani ya saka fili a tsakiya, kowanne sai an yi tunaninsa. Wannan awa ɗayan na juya kai shi ne kwas ɗin, shi yayanki ya biya wa kuɗi, kuma wanda ya sha shi sau ɗaya baya sake mantawa. Shi yasa nace ki roƙi a barki ki sake, kuma ko malam ya ce a'a ki yi shi ke kaɗai a ɗaki, don aiki na biyar a kan na huɗu za a ɗora shi.

Ina iyakar taimako da kwafi take? Takardarku ce za ta faɗa, amma ƙa'idar da CS50 suke amfani da ita tana da sauƙin riƙewa, in kina neman taimako za ki iya nuna wa wani kod ɗinki, amma ba za ki kalli nasa ba. Ku yi hira da baki, ku zana a takarda, tace miki duba layi na 14 kin manta alama, duk wannan karatu ne. Da zarar fayil ya tashi daga wayar wata ya sauka a taki an tsallake. Haka maganar ChatGPT da 'yan uwansa, kowane kwas da nasa, wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun yarda ki tambaye shi ya miki bayanin saƙon kuskure amma banda rubuta miki amsa, wasu sun ce ki yi amma ki rubuta cewa kin yi. Ki nemo wannan sashen a takardar ki karanta, in bai fito fili ba ki tambayi malam a rubuce ki ajiye amsar. Na faɗa ne don nasan bayan wannan abin shaiɗan zai raɗa miki cewa ai matsalar ita ce mutum kika kwafa, da inji ne ba mai ganewa.

Abin da ya fi min ciwo a saƙonki shi ne lissafin. Dokar ta ce kashi 10 kowace rana har kwana uku. Wuta ta dawo Litinin. Da kin zauna Litinin da Talata kin yi naki kin miƙa Talata da dare, maki 80 cikin 100 yana nan a buɗe gare ki. Ko rabin aiki kika miƙa, fom yana nan amma binciken lambar waya bai gama aiki ba, da kin samu wani abu, don irin waɗannan ayyukan kashi kashi ake ba su maki, na tsari daban, na ado daban, na aiki daban. Kin bar 80 kin ɗauki sifili saboda takardar da ba ta wuce karatun rabin awa ba. Ba gori nake miki ba, so nake kiga cewa takardar nan da kika ɗauka barazana ce, a cikinta mafitarki take, malamin ya san ana ɗauke wuta ana rashin lafiya ana rasuwa, shi yasa ya bar ƙofar kwana uku.

To daren yau ki buɗe ta ki karanta da biro a hannu. Ki kwashe duk ranakun miƙa aiki ki rubuta a kalandar da za ki riƙa gani, ki kuma duba 11:59 ɗin agogon ina ne, mutane da yawa sun faɗa wannan ramin. In agogon Najeriya ne shikenan. In malamin yana Nairobi to 11:59 ɗinsa 9:59 ne a Jos, in Indiya ne 7:29 na yamma ne a nan, kina sallar isha an riga an rufe. Ki duba awa nawa suka ce a ware a sati, irin wannan kwas ɗin na farko da wuya ya ci ƙasa da awa takwas zuwa goma in ana so a koya da gaske, kuma kallon bidiyo ba ya cikin aikin sosai, kallo daɗi gare shi kina ji kamar kin gane komai, sai kin buɗe farin shafi sannan za ki san inda kike. Ki duba kwana nawa malam yake ɗauka kafin ya amsa saƙo, in an rubuta awa 48 to tambayar da aka tura Asabar da dare ta riga ta mutu, dole ki fara aikin Litinin ko Talata don ki makale Laraba ki yi tambaya ki samu amsa Juma'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki duba kuma yadda ake neman ƙarin lokaci, kusan ko'ina ƙa'idar ɗaya ce, a nema kafin wa'adi ba bayansa ba. Da ranar Asabar ɗin nan kin tura layi uku ta waya kin ce malam wuta ta ɗauke a unguwarmu ga hoton inda na kai, da wata maganar ake yanzu.

Maganar wuta da data kuma, ni ma a garin nan nake, nasan ba ƙarya kike ba. Amma akwai wani abin daɗi a wannan fannin da sabbin shiga basu cika lura ba, rubuta HTML da CSS da JavaScript baya buƙatar intanet ko kaɗan. Manhajar rubutu irin VS Code da burawza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, kawai, ki rubuta ki adana ki buɗe fayil ɗin ki gani. Data sai wajen sauke darasi da miƙa aiki. Don haka ki sauke bidiyon satin gaba ɗaya lokacin da sabis yake da kyau, ki kwafe umarnin aikin ki ajiye a fayil, ki ɗauki laftof ɗin zuwa shago in akwai inda ake caji a layinku, ki rage hasken allo ki kashe wayfay batiri zai ƙara miki lokaci. Ki zauna da yayanki ku tsara ranakun da laftof take hannunki, kar ya zama sai kin roƙa duk lokacin. Ni na fi son bayan asuba, sanyin Jos yana sa mutum son komawa bargo amma awa ɗaya da rabi kafin a buɗe shago, gida shiru, ya fi awa huɗu na dare bayan an gaji da ciniki. Kullum kaɗan kaɗan, sau biyar ko shida a sati.

Kuma ki koyi Git tun yanzu ko kwas ɗin bai kai wajen ba. Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005, aikinsa shi ne ya riƙa ajiye tarihin aikinki mataki mataki, kuma ajiyewar bata buƙatar intanet, sai in za ki tura zuwa GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet. Amfaninsa gare ki biyu ne, in laftof ta lalace ko yaya ya tafi da ita aikinki yana can, sannan duk ranar da wani ya yi shakkar ko ke kika yi, tarihin yana nan da rana da lokaci, Talata kin gina fom, Laraba kin ɓata shi, Alhamis kin gyara. Ga wadda aka taɓa kamawa da kwafi, babu shaidar da ta fi wannan.

Akwai wasu ƙananan dokoki da za ki gani a takardar da za su yi miki kama da neman magana, wai sunan fayil dole index.html, wai duk ƙananan baƙaƙe ba fili, wai hotuna a folda guda, wai sai shafi ya wuce ta na'urar tantancewa ta W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ba kuskure. Kar ki raina su. Na taɓa miƙa wa wata mai sayar da kayan kicin shafinta, a kwamfutata komai fes, muka ɗora a intanet ta buɗe a wayarta gaban mijinta, hotuna shida duk babu sai ƙananan akwatuna fanko. Dalili shi ne a kod na rubuta tukunya.jpg amma fayil ɗin sunansa Tukunya.JPG, Windows bata damu da babban baƙi ko ƙarami ba, amma sabar, wato kwamfutar da shafin ya hau a intanet, ba Windows ce a kanta ba, Linux ce, ita a wajenta suna biyu ne daban. Na kwana ina gyarawa, kuma na daɗe ina jin nauyin matar. Malamin da ya cire miki maki biyu a kan sunan fayil wannan ranar yake kare ki daga ita. Haka layin nan na charset utf-8 da ake cewa a saka a saman kowane shafi, Bature zai iya mantawa bai ga komai ba, amma ke ranar da kika rubuta ƙyalle ko ɗinki ko ɓawo a shafin shagon Mama, in babu shi ƙ da ɗ da ɓ za su iya fitowa wasu tarkace da ba mai iya karantawa. Mu ya fi shafa.

In kin makale kuma, ki koyi yadda ake tambaya, don "malam nawa baya aiki" ba mai iya amsa shi. Ki danna F12 a burawza ki buɗe wajen da ake kira konsol, jan rubutun da ke wurin yawanci yana faɗa miki fayil da lambar layin da matsalar take. Sai ki rubuta abin da kike so ya faru, abin da ya faru, abin da kika gwada, ki liƙa saƙon kuskuren yadda yake. Sau da yawa kina cikin rubuta tambayar za ki ga amsar da kanki. Kuma kar ki ji kunyar tambaya a zauren ɗalibai don kar a ce baki iya ba, kwas ɗin 'yan farko ne, duk wanda ke ciki bai iya ba ya shigo.

Barin kwas kuwa ban yarda ba sam. Aiki ɗaya ne cikin sati 12, takardar da kanta ta ce na farko sifili ne ba kora ba, ki duba nauyin makinsa cikin jimla za kiga akwai sauran hanya. Kunya ce take ce miki ki gudu, kuma in kika gudu kunyar zata bi ki, duk ranar da kika ga wata ta haɗa shafi sai ranki ya sosu. Yayanki kuma ki faɗa masa da bakinki bayan kin tura imel ɗin, ki ce Yaya na yi kuskure kaza, ga abin da na rubuta wa malam, ga yadda na tsara sauran satittikan. Zai yi faɗa wataƙila, amma jin haka daga gare ki ya fi masa sauƙi a kan ya tambayi satifiket nan da wata biyu ki fara kame kame.

Ki je wajen ƙawarki da yamman nan in an rufe shago, ki tura imel ɗin kafin ki kwanta, gobe bayan asuba ki buɗe sabon fayil fanko ki fara da akwatin suna kawai, ki goge nata daga wayarki da laftof ɗin don kar ido ya kai. In malam ya amsa ki rubuto min in ji yadda kuka yi, in kuma sifilin lambar wayar nan ya ɓace miki ki yi awa guda kina fama da shi tukunna kafin ki tambayi kowa. Allah ya ba da sa'a, ki gaida Mama.